Lissafin Dira: Yadda Ake Tsara Yawa da Tsananin Horon Tsalle

Akwai wasu alƙaluma da kusan duk kocin da ya taɓa zama tsara horon tsalle ya haddace, ko da bai san daga ina suka fito ba: sabon shiga ya yi dira 80 zuwa 100 a fita ɗaya, mai matsakaiciyar gogewa 100 zuwa 120, wanda ya ƙware kuma 120 zuwa 140. Ƙungiyar masu horar da ƙarfi ta Amurka, NSCA, ita ce ta yaɗa su a darussanta, daga nan suka bazu duniya. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa ƙafa ta taɓa ƙasa bayan ta tashi. Lissafi ne mai daɗin sha'ani: yana shiga takarda lafiya lau, ana iya ƙara masa kashi goma duk mako, kuma idan shugabannin kulob suka tambayi koci me ya yi da yaran, yana da lambar da zai nuna musu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda ya ƙirga dira kawai tamkar wanda ya ƙirga takardun kuɗi ne bai duba darajar kowace takarda ba. Tsallen igiya sau ɗari dira ɗari ne. Faɗowa daga akwati mai tsayin santimita 75 a dira da ƙafa biyu a sake tashi nan take, sau ɗari, shi ma dira ɗari ne. Na farko ɗumama jiki ne da ba ya kai minti ɗaya. Na biyu kuwa zai iya kwantar da gwiwar ƙwararren ɗan wasa na tsawon mako. Ra'ayina shi ne an juya tsarin baibai: tsananin kowace dira ya kamata a fara tantancewa, daga nan ne yawan da jiki zai iya ɗauka zai fito da kansa.

Tarihin horon ma ya nuna haka. Mutumin da aka fi jingina asalinsa gare shi shi ne Yuri Verkhoshansky, kocin 'yan tsalle kuma masanin wasanni a Tarayyar Sobiyet, wanda a shekarun 1960 ya tsara abin da ya kira hanyar girgiza jiki: ɗan wasa ya faɗo daga wuri mai tsayi, ya dira, ya tashi sama da dukkan ƙarfinsa ba tare da jinkiri ba. Ya ba da tsayi biyu, santimita 75 ga mai neman saurin fizga, da santimita 110 ga mai neman ƙarfi. Iyakar da ya yanka wa gogaggen ɗan wasa kuwa ita ce zubi huɗu, kowane zubi tsalle goma, wato dira 40 ke nan, kuma ba duk shekara ba, sai a wani ɗan taƙaitaccen lokaci bayan an gina ƙarfi da ɗaga ƙarfe. A 1975 kocin Amurka Fred Wilt ya raɗa wa horon sunan filayometirik, kuma da sunan ya shiga kasuwa sai ya haɗiye komai: tsallen igiya, tsallake ƙananan shingaye, tsallen kwaɗo, hawa akwati. Shi ya sa yau za ka ji wani ya ce 40 ce iyaka, wani ya ce 140, kuma kowannensu yana da gaskiya, domin ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

A tsaya a dubi dira guda ɗaya da kyau. Ɗan wasa na tsaye a bakin akwati, ya miƙa ƙafa ɗaya gaba ya saki jikinsa, bai yi tsalle sama ba, bai kuma tsuguna ya rage tsayin ba. Tun yana iska, kafin tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, tsokokin sha-raɓa da na cinya sun riga sun ɗaure, yatsun ƙafa sun ɗan ɗago. Gaban tafin ƙafar ne ke fara taɓawa. Nauyin jiki ya danno, idon sawu da gwiwa da kwatangwalo suka ɗan lanƙwashe, amma da yake tsokar ta riƙe gam, yawancin miƙewar tana faruwa ne a agara da jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa. Waɗannan jijiyoyin suna ajiye wani kaso na ƙarfin faɗowar, su mayar da shi idan aka tashi da wuri. Idan aka yi jinkiri a ƙasa, ƙarfin ya tsiyaye ya zama zafi, tashin ya koma aikin tsoka zalla. Wannan zagaye na miƙewa sannan tsukewa shi ne Paavo Komi na ƙasar Finlan ya shafe shekaru yana nazari a kai. Koci mai kunne yakan gane dira mai kyau ko ya juya baya: sauti ɗaya ne gajere, tas. Idan aka ji tim mai nauyi, ko aka ji sauti biyu, gaban ƙafa sannan dunduniya ta maka ƙasa, to akwatin ya fi ƙarfin mai shi ko kuma gajiya ta shigo.

Masanin Jamus Dietmar Schmidtbleicher ya raba wannan zagaye gida biyu, ya sa iyaka a kwatan daƙiƙa, wato milisakan 250. Abin da ya gaza haka mai sauri ne, abin da ya wuce mai jinkiri ne. Ɗan tseren mita ɗari da ya kai ƙololuwar gudunsa, ƙafarsa ba ta wuce kusan milisakan 100 a ƙasa. Mai dogon tsalle yana ɗan ɗara haka kaɗan a takun tashi. Wanda kuwa ya tsaya cak, ya tsuguna ya yi tsalle sama, yana cin kusan rabin daƙiƙa ko fiye. Rabon ba ado ba ne. Wanda wasansa ke buƙatar gajeriyar taɓa ƙasa, idan ya cika makonsa da tsalle mai zurfin tsugunno, ya sha wahala amma ba inda ake bukata ya zuba ta ba.

Lokacin taɓa ƙasa shi ne kuma abin da aka fi mantawa da shi wajen auna tsanani, alhali ƙaramin lissafi ya isa ya fito da shi. Duk abin da ya faɗo daga tsayin santimita 60 yana isa ƙasa da gudun kusan mita 3.4 a daƙiƙa. Idan ɗan wasan zai sake tashi santimita 40, dole ya bar ƙasa da gudun mita 2.8 a daƙiƙa. Ke nan jimillar canjin gudun da ƙafafunsa za su yi ya kai mita 6.2 a daƙiƙa. In ya yi wannan aiki cikin milisakan 400, matsakaicin abin da ƙasa ke tunkuɗo masa ya kai kusan ninki biyu da rabi na nauyin jikinsa. In ya yi shi cikin milisakan 200, ya haura ninki huɗu, kuma wannan matsakaici ne, ƙololuwar ta fi haka nesa. Akwati ɗaya, mutum ɗaya, tsayin tashi ɗaya, amma lodin ya ƙaru da fiye da rabi saboda kawai koci ya ce «kar ka daɗe a ƙasa» maimakon «ka tashi sama sosai». Don haka umarnin da ke fita daga bakin koci shi ma wani ɓangare ne na tsarin, ya kamata a rubuta shi a takarda kamar yadda ake rubuta tsayin akwati. Maarten Bobbert da abokan aikinsa a Holan sun nuna wannan bambanci tun 1987, lokacin da suka kwatanta salon dira a tashi nan take da salon dira a nutsa sannan a tashi. A binciken nasu, a tsayin santimita 60 dunduniya takan fara dukan ƙasa da ƙarfi, shi ya sa suka ba da shawarar a tsaya tsakanin 20 da 40 ga mai salon sauri.

Nauyin jiki shi ma yana da kaso. Mai kilo 100 da ya faɗo daga santimita 45 ya zo ƙasa da makamashi daidai da na mai kilo 60 da ya faɗo daga santimita 75. Jijiyar gwiwar babban mutum ba ta ninka ta ƙaramin kauri gwargwadon yadda nauyinsa ya ninka ba. Wannan ne dalilin da ya sa NSCA ta ce wanda ya haura kilo 100 ya guji faɗowa daga abin da ya wuce santimita 46. Kocin da ya jera tawagarsa gaba ɗaya a bayan akwati guda, daga ɗan siririn gefe har ƙaton mai tsaron baya, ba horo ɗaya ya ba su ba, ko da takardarsa ta ce haka.

Sauran abubuwan da ke ƙara tsanani ba sa bukatar dogon bayani. Ƙafa ɗaya ta fi biyu nauyi, ga kuma aikin daidaita gwiwa kar ta faɗa ciki. Tsallen da aka shigo masa da gudu ya fi wanda aka yi daga tsaye, shi ya sa tsalle mai hawa uku ke kan gaba a tsanani, inda aka auna ƙarfin dira da ya wuce ninki goma na nauyin jiki a ƙafa guda. Siminti ba ya yafiya. Rairayi yana sassauta wa gaɓoɓi, amma yana tsawaita lokacin taɓa ƙasa har aikin ya tashi daga na sauri. Ciyawa mai tauri, ko daɓen katako na ɗakin wasa, ko robar filin tsere, su ne tsaka-tsaki.

Akwai wani ruɗani da ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin bidiyoyin intanet sun ƙara masa gishiri: tsallen hawa kan akwati. Mutane suna ganin wani ya haye akwati da ya kai masa ƙirji, sai su ɗauka wannan ne ƙarshen tsanani. A gaskiya kusan shi ne mafi sauƙi a wajen dira. Wanda ya yi tsalle ya sauka a kan akwati ya yanke faɗowarsa ne tun kafin ta yi nisa. Jikinsa ya tashi santimita 50, amma 'yan santimita kaɗan ya faɗo kafin akwatin ya tare shi. Yawancin tsayin da ake gani ma daga naɗe gwiwa zuwa ƙirji yake, ba daga tashi ba. Haɗarinsa a wani wuri yake: a kuskure bakin akwati a daki ƙwauri, ko kuma a riƙa dirowa da baya da sauri ana komawa, inda agara ke shan duka ba a shirya ba. Abin da ya dace shi ne a hau da tsalle, a sauko da taku. A ɗaya gefen kuma, wanda ke iya tashi santimita 60 daga tsaye, duk lokacin da ya yi tsalle da iyakar ƙarfinsa ya dawo ƙasa, daga santimita 60 ya faɗo, babu akwati. A wurinsa faɗowa daga akwatin santimita 30 bai kai dirarsa ta yau da kullum ba, alhali ga wanda tsallensa bai wuce santimita 25 ba, akwatin nan ya ɗora masa abin da jikinsa bai taɓa gani ba. Tsayin akwati ba shi da ma'ana sai an gwada shi da tsallen mai shi.

To ta yaya za a gane tsayin da ya dace da kowane mutum? Hanya mafi amfani da na sani ita ce wani ma'auni da aka fito da shi a cibiyar wasanni ta Ostireliya a shekarun 1990, wanda ake taƙaita sunansa da RSI: a raba tsayin da aka tashi, a mita, da lokacin da aka yi a ƙasa, a daƙiƙa. A ɗauki misalin wata 'yar wasa da aka gwada a akwati uku. Daga santimita 30 ta tashi santimita 38, ta yi milisakan 190 a ƙasa, sakamako 2.0. Daga santimita 45 ta tashi 40 cikin milisakan 185, sakamako ya kusa 2.2. Daga santimita 60 ta tashi 39, amma sai da ta yi milisakan 240 a ƙasa, sakamako ya faɗo kusan 1.6. Wanda ke kallon tsayin tashi kaɗai zai ce babu abin da ya canza, 40 ne ya koma 39. Ma'aunin kuwa ya tona asiri: a santimita 60 jikinta ya daina mayar da ƙarfin faɗowa, ya koma shanye shi. Akwatinta na aiki shi ne na 45, kuma a ranar da jiki bai sake ba, na 30.

Ba sai da na'urar ɗakin bincike ba. Tabarmar auna tsalle tana yi, haka ma wayar hannu mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa: kowane hoto ɗan sama da milisakan huɗu ne, don haka hoto 48 ƙafa na ƙasa daidai yake da milisakan 200. Tsayin kuma ana samo shi daga lokacin da aka yi a iska, daƙiƙa 0.57 a sama na nufin kusan santimita 40, muddin ɗan wasan ya dira da ƙafa a miƙe kamar yadda ya tashi, bai naɗe su ya saci lokaci ba. Kuma sukan sata, musamman idan sun san ana rubuta sakamako a gaban abokansu.

Idan an san tsananin, sai a zo kan yawa, kuma a nan bincike ya fi karkata ga masu tsimi. A 2008 Eduardo Sáez de Villarreal da abokan aikinsa a Sifaniya sun raba mutane rukuni-rukuni suka sa su faɗowa daga akwati na tsawon mako bakwai: wasu sau ɗaya a mako, jimilla tsalle 420, wasu sau biyu, 840, wasu sau huɗu, 1,680. Waɗanda suka yi sau huɗu ba su fi na sau biyu samun wani ci gaba na a zo a gani ba, duk da cewa sun ninka su wahala. Kafin nan, a 2007, Goran Markovic na Kuroshiya ya tattara sakamakon bincike da dama ya gano cewa horon tsalle yana ƙara tsayin tashi da kimanin kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, ya danganta da irin tsallen da aka auna. Ga wanda ke tashi santimita 50, wannan santimita biyu da rabi ne zuwa huɗu da rabi. Riba ce ta gaske, tana iya raba wanda ya taɓa ƙwallo da wanda ya kuskure ta, amma ba irin ribar da za a yi cacar gwiwa a kanta ba ce. Tsalle ɗaya, in ji masu magana, ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Shi ya sa na fi yarda da lambar da ke kan takarda a matsayin rufi, ba bashin da dole a biya ba. Idan an rubuta zubi huɗu na tsalle shida, amma a zubi na uku lokacin taɓa ƙasa ya fara tsawo, sautin ya yi nauyi, gwiwoyi sun fara haɗuwa ciki, aikin ranar ya ƙare. Kociyoyi da dama suna amfani da faɗuwar kusan kashi goma daga mafi kyawun tsallen ranar a matsayin alamar tsayawa. Duk dirar da aka yi bayan nan tana koya wa jiki jinkiri ne, ga lodin da ta ɗora wa jijiya a banza. Hutu tsakanin zubi ma daga nan ya samo dalilinsa. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce hutun ya ninka aikin sau biyar zuwa goma, a faɗowa daga akwati kuwa daƙiƙa 5 zuwa 10 tsakanin tsalle da tsalle, minti biyu zuwa uku tsakanin zubi. Wannan yakan ba wa wasu kociyoyi haushi, domin ganin ɗan wasa a tsaye yana hira kamar lalaci ne a idonsu. Sai su matse hutun, su sa a yi ta tsalle minti guda cur har kowa ya jiƙe sharkaf yana haki. Wannan horon juriya ne da aka yi da kayan aiki mafi haɗari. Wanda ya fito daga horon filayometirik na gaskiya sau da yawa yakan ji kamar bai yi komai ba, sai washegari ko jibi tsamin jiki ya sanar da shi.

Batun awa 48 zuwa 72 tsakanin fita da fita kuwa, jijiya ce ta kawo shi fiye da tsoka. Binciken da ƙungiyar Michael Kjaer ta yi a Kopenhagen, babban birnin Denmark, ya nuna cewa bayan aiki mai nauyi, a cikin yini ɗaya zuwa ɗaya da rabi na farko rushewar zaren jijiya ta fi gininsa yawa, sai daga baya ginin ya rinjaya. Wanda ke dawowa kullum da dira mai tsanani yana cin jijiyar ne a lokacin da take kan asara. Wani bincike daga wannan gari a 2013 ya ƙara fito da jinkirin jijiya ta hanya mai ban mamaki: masu binciken sun yi amfani da sinadarin kabon-14 da gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka watsa a sararin duniya a shekarun 1950 da 1960, suka gano cewa tsakiyar agarar babban mutum kusan ita ce wadda ya gina kafin ya kai shekara 17, ba ta sabuntawa sosai. Tsoka kuwa cikin 'yan makonni take ƙara ƙarfi, ƙwaƙwalwa ma ta fi ta saurin koyon tura umarni. Sakamakon shi ne ɗan wasa yana jin ya ƙara ƙarfi, tsallensa ya hau, ya nemi a ƙara masa akwati, alhali igiyar da ke ɗaukar wannan ƙarfin tana nan inda take. Aikin Adamantios Arampatzis da abokansa a Berlin ya nuna jijiya ta fi ƙara tauri da nauyi mai yawa da aka riƙe na kimanin daƙiƙa uku, fiye da yadda take yi da bugun tsalle mai wucewa cikin ƙiftawar ido. Ma'ana, tsalle yana amfani da jijiya fiye da yadda yake gina ta, don haka ɗaga ƙarfe a hankali dole ya ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi.

A nan ne ma lissafin dira ya fi yin babban giɓi, domin ba ya ƙirga tsallen da wasan kansa ke ɗauke da shi. Masu bincike a Norwe ƙarƙashin Roald Bahr sun ba da rahoto a 2005 cewa ciwon jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa ya kama kusan kashi 45 cikin ɗari na manyan 'yan ƙwallon raga da suka duba, da kusan kashi 32 na 'yan ƙwallon kwando. Daga baya suka ɗauki bidiyon matasan 'yan ƙwallon raga suna atisaye da wasa, suka ƙirga tsalle kusan dubu goma sha biyu, suka tarar a cikin samarin wani tsalle 50 ya yi a mako, wani 666, duk a tsari ɗaya. Sun kuma gano cewa waɗanda suka fi iya tsalle tun farko su ne suka fi kamuwa da ciwon daga baya. Dalilin a fili yake: wanda ya fi tashi ya fi faɗowa daga nesa, kuma shi ake yawan ba wa ƙwallo. Idan koci ya ƙara wa duka tawagar dira 100 sau biyu a mako, mai 50 ya samu abin da zai amfane shi, mai 666 kuwa an ƙara wa Barno dawaki, kuma shi ne ɗan wasan da kulob ba zai so ya rasa ba.

Saboda haka tsarin shekara yana bin wasan ne. Kafin a shiga kaka, lokacin da babu gasa, ana farawa da dira masu sauƙi da yawa: ƙananan tsalle a kan idon sawu, tsallake layi, koyon dira a tsaya cak ba tare da gwiwa ta karkata ba. Makonni uku ko huɗu na wannan suna sabar wa tsoka da aikin birki, kuma sananne ne cewa tsamin jikin da ake sha a karon farko yana raguwa ƙwarai a karo na biyu. Daga nan tsanani ya hau, yawa ya sauko, ba su hawa tare. Ɗan tsere da ya fara da dira 100 masu sauƙi zai iya ƙarewa da 24 ko 30 na faɗowa daga akwati, kuma makon na ƙarshen ya fi na farkon nauyi duk da lambar ta ragu zuwa ƙasa da sulusi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda: ko tsayi, ko komawa ƙafa ɗaya, ko ƙara gudun shigowa. Yawancin tsare-tsaren da aka gwada suna ɗaukar mako shida zuwa goma. A cikin mako kuma, ya fi kyau a haɗa ranakun wuya wuri ɗaya, tsalle da gudun fizga da ƙarfe mai nauyi a rana guda, tsallen ya zo da farko bayan ɗumama jiki, don ranar hutu ta zama hutu na gaske. Ribar horo mai tsanani ba ta bayyana sai gajiyarsa ta washe, shi ya sa ake janye faɗowa daga akwati mako ɗaya ko biyu kafin babbar gasa.

An daɗe ana cewa kada wanda bai iya tsugunnawa da ƙarfe mai ninki ɗaya da rabi na nauyinsa ba ya kusanci filayometirik. Ga faɗowa daga akwati mai tsayi, sharaɗin yana da hankali. Amma a shimfiɗa shi a kan kowane irin tsalle wauta ce, tunda yara suna tsalle-tsalle tun kafin su san menene ƙarfe. Abin lura a wajensu shi ne lokacin da tsayi ke fizgarsu, inda ƙashi ke riga tsoka da jijiya girma, kuma wuraren da jijiya ta kama ƙashi a ƙasan gwiwa da dunduniya ke saurin ciwo. A wannan gaɓar ana rage yawa, a ajiye akwati mai tsayi, a mayar da hankali kan iya dira.

Idan kaka ta kankama, wasanni suna zuwa duk bayan kwana uku ko huɗu, tambayar takan koma me za a cire. Ga 'yan ƙwallon raga da kwando, wasan ya riga ya biya kason yawa, abin da ya rage bai wuce zubi biyu ko uku na tsalle huɗu zuwa biyar masu kaifi ba, sau ɗaya a mako, nesa da ranar wasa, ga waɗanda ba su cika minti a fili ba. Waɗanda ke buga kowane wasa ƙarfen da ake riƙewa a hankali ya fi musu amfani. Ɗan ƙwallon ƙafa, da tsallensa a wasa bai da yawa amma gudun fizga da birki suka yi masa yawa, zai iya ɗaukar fiye da haka kaɗan, musamman na gefe da na ƙafa ɗaya. Ciwon jijiya yana da wata yaudara da ke sa a makara: yakan lafa idan jiki ya ɗumama, ɗan wasa ya gama atisaye lafiya, sai washegari da safe ya tashi da shi. Don haka tambayar koci ba a fili ya kamata ta tsaya ba. Gwajin da likitocin wasanni ke amfani da shi mai sauƙi ne: da safe ɗan wasa ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan abu mai ɗan gangara, ya tsuguna a hankali, ya faɗi zafin da ya ji daga sifili zuwa goma. Idan lambar ta haura ta jiya kuma ba ta dawo ba cikin awa 24, dirar makon ake fara ragewa, a bar ƙarfen.